Azara da Kwanukan Gidan Husseina

Ni Zuberu mahauci na riga kowa a unguwar Nima gane ko wace ce Azara. Ban yi boko ba, amma ciwon dajin nan da ake cewa na mata ne, ni namiji ya kama, aka yanke mini nonon hagu, ga ni ina saran ƙashi har yau. Don haka in na yi magana a saurara.

Azara tana wankin ciwo a sashen mata na asibiti tun kafin yunwar tamanin da uku. In ta idar da sallar asuba ba ta wucewa tashar trotro, motocin haya, ta tafi aiki. Sai ta bi lungunan Maamobi tana buga ƙyauren duk wadda aka taɓa yi wa aikin nono: "Fito, Yaya, ai ba ƙafa aka yanke miki ba!" Su taka har Kokomlemle su dawo, ni ina biye da tumbina, 'yan tasha na yi mana dariya.

Tana da dalili. Ta sha ganin mace ta warke ta koma gida, bayan 'yan shekaru ta dawo jiki ya ninka, ga sabon ƙullutu a ɗaya nonon. Ta tambayi likitoci, suka ce ƙiba na ƙara haɗarin, musamman ga wadda ta daina al'ada.

To mu a Zango, in mutum ya tashi daga ciwo, kwano ake aika masa. Ba a mayar da kwano da saura, cin fuska ne. Bayan yunwar nan kuwa, ƙashin wuya ya fito abin kunya ne ga gida duka. Da aka sallamo Husseina mai koko da nono ɗaya, unguwa ta taso mata: wake da shinkafa yana ninƙaya a mai, tuwo da miyar gyaɗa, dokunu, tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi. Tana ci tana haki. Kafin shekara zanenta ya daina haɗuwa, kowa na cewa barka.

Azara ta shiga gidan ta tarar da kwanuka jere. Ƙaltume, gwaggon Husseina, ta tare ta.

"Ke 'yar asibiti, so kike a ce mun bar 'yarmu da yunwa?"

"Gwaggo, nono ɗaya ya rage mata. Shi nake gadi."

"Abinci ne zai cinye shi? Sai mu kori kwanon maƙwabta, mu zama abin faɗi a Maamobi?"

Azara ta san in ta ce a mayar, an gama da ita a gidan nan, Husseina kuma ta ci gaba da ci. Sai ta wanke hannu, ta jawo kwano.

"Ba mai kora. Amma daga yau duk wadda ta kawo, ta zauna a ci da ita. Gwaggo, bisimilla, wannan naki ne."

Ƙaltume ta harare ta, ta zauna. Wa zai ƙi cin girkin hannunsa? Kwanon mutum ɗaya ya zama na mutum biyar. Masu kawowa, da suka ga cikinsu ma zai shiga, suka rage mai, suka ƙara kuka da kuɓewa. Ba wadda aka ci wa fuska. Husseina ta shiga tafiyar asuba, ta rame, aka yi ta tsegumin ciwo ya dawo. Asibiti suka duba, suka sake dubawa, shekara bayan shekara: ba komai.

Azara, ke ce mai gadin abin da wuƙa ta bari. Ba ki taɓa ce wa kowa ramewa garanti ce ba, kina cewa rai na Allah ne, amma kowa ya koma a duba shi. Yau da kika ajiye aiki, ba a buga miki ganga ba, to ni na buga. Mun gode. Allah ya biya ki, ya sa matan unguwannin Madina da Sabon Zango su ɗauki wannan hali, su kai kwano su zauna a ci tare.

Wanda ya ce Zuberu ya cika baki, ya zo bakin kasuwar Nima gobe da safe. Akwai tukunyar kokon da Husseina ke saukewa daga murhu ita kaɗai, tana goye da jika. Ya ɗaga ta in ya isa.