Ranar da Lorne Dubchak Ya Ƙi Ɗaukata

Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, da hantsi, ina garejin motocina a Brandon, ɗanka Terry ya bugo mini waya ya ce ka cika. Shekararka tamanin da huɗu, biyun ƙarshe duk a kwance ka yi su. Na ajiye wayar na zauna a kan wata tsohuwar taya. Ba zan ɓoye maka ba, Lorne, bayan hawaye abin da ya sauko mini sanyin zuciya ne. Kai ka huta da jinya, ni kuma ƙullin da ka yi wa bakina ya kwance.

Ni ba mai yawan cewa wani ya yi mini ba ne. Ban gama sakandare ba na shiga wasan hoki na kan ƙanƙara, na yi shekara goma sha ɗaya ina tsaron baya. Da na bar wasa na fara da motar ɗaukar alkama guda ɗaya, yau ina da ashirin da biyu. Duk gumina ne. Amma akwai kwana ɗaya a rayuwata da ba ƙarfina ya fisshe ni ba.

Shekara talatin da ɗaya ke nan. 'Yata Colleen tana da shekara shida, ƙodarta ta lalace, ana wanke mata jini sau uku a mako a Regina. A garin ne ƙaramar ƙungiyar kulob ɗinmu take, sai na roƙi shugabanni su saukar da ni can don in riƙa kwana kusa da ita. Suka yarda, amma doka ba ta hannunsu. Tsohon ɗan wasa irina ba a saukar da shi sai an kafa sunansa ga dukkan kulob-kulob daga sha biyun rana zuwa sha biyun ranar gobe. Duk wanda ya miƙa hannu ya ɗauke shi da kwantiraginsa, ba a tambayar ra'ayinsa, kuma na ƙarshe a teburi shi ke fara zaɓe.

Na ƙarshe a shekarar kulob ɗin da kake horarwa ne, can bakin tekun gabas, tafiyar kwana huɗu a mota. Masu tsaron bayanka biyu suna jinya. Kowa ya san za ka ɗauke ni. Matata Marlene ta yi ta roƙona in kira ka, na ƙi, domin tun ina ɗan shekara sha bakwai kana kocina na jefar da sandar hoki a gabanka na fice, ba mu sake gaisawa ba.

Kai ne ka kira. Ka ce, "Kai, ɗan taurin kai, me ka yi musu suke neman yar da kai?"

Na ce gwiwata ce. Ka yi dariya ka ce ranar Asabar ka kalle ni, gwiwar da ta kayar da mutum uku lafiyarta ƙalau, in bar yi wa tsoho ƙarya. Ban san lokacin da na faɗa maka zancen Colleen ba. Ina jin kana tauna 'ya'yan kabewar nan da ba ka rabuwa da su.

Sannan ka ce, "Ashe dai gwiwar ce. To, ni ba na sayen gurgu. Kuma idan ka gaya wa wani mun yi magana ina raye, sai na zo na karya ta da gaske."

A lokacin ban fahimci girman abin ba. Ƙin mutum ɗaya ba ya isa, akwai sauran kulob-kulob a layi bayanka. Amma da suka ga mayunwaci ya ture kwano, sai kowa ya ce akwai abin da ya gani a ciki. Wasu sun kira ka, ka ce musu kai dai ba ka da ta cewa, su tambayi likitansu. Washegari ina zaune a barandar asibiti, ni da nake ganin babu kamata a kan ƙanƙara, ina addu'a kada kowa ya so ni. Sha biyu ta wuce da minti shida sakataren kulob ya kira ya ce babu wanda ya ɗauka. Ban taɓa jin daɗin raini irin na ranar ba.

Kai kuwa ka biya. Na buga sauran kakar a Regina ba tare da ɗingishi ba, jaridu suka yi ta tambayar yadda aka yi Dubchak ya bar irin wannan ya wuce shi. Kulob ɗinka ya ƙare a ƙarshe, suka sallame ka, ka koma koyar da matasa a garinku. Har ka kwanta ana cewa ba ka da idon gane ɗan wasa, ba ka taɓa kare kanka ba. Duk Kirsimeti nakan aika maka da naman barewa, kai kuma ka aiko da kati mai layi ɗaya: "Ya gwiwa?"

'Ya'yansa Terry da Joanne, da jikokinsa bakwai, saboda ku na rubuta wannan. Mahaifinku ya gane ɗan wasa sarai. Ya ga wanda zai cece masa aiki, ya kau da kai don wata yarinya da bai taɓa gani ba ta riƙa farkawa ta ga ubanta. A watan Afrilun shekarar aka yi wa Colleen dashen ƙoda, tawa aka saka mata, domin ina kusa aka samu yi mini gwaje-gwajen a kan lokaci. Yau 'ya'yanta biyu. Ta roƙe ni in tambaye ku ko za ku ba ta gefe ɗaya na akwatin gawar ta ɗauka a jana'izar ranar Asabar.

Allah ya jiƙanka, Lorne, ya yafe maka kurakuranka, har da ƙaryar gwiwa. Ya karɓe ka hannu biyu, kada ya kau da kai daga gare ka. Ya ba iyalinka haƙuri, ya sa mu cika da kyau idan tamu ta zo.

Glen Tarasoff, Brandon