Goro a Ƙofar Kasuwar Shanu

Jiya ina jiran awon jini a asibitin unguwarmu, Banikanni, sai na ji ma'aikaciyar jinya tana magana da wani mahauci mai son barin sigari. An ce kwanan nan ta samu horo a kan taimaka wa masu son barin sigari.

Ya ce, "Madam, a kasuwar shanu in aka miƙo wa mutum sigari ya ƙi, ciniki ya ɓaci."

Ta ce, "To Baba, ka riga su. Cika aljihu da goro. Kafin a zaro kwalin sigari, kai ka miƙa."

Na ninke jaridata, na kasa ci gaba da karatu.

Wannan kukan ne yayana Mamman, dillalin shanu a garin Djougou, ya kai wa likita bayan samun mulkin kai, da tari ya kama shi. Likitan ya ce masa ya daina kawai, alhali tasa tabar tana hayaƙi a kan tebur. Yaya ya ci gaba da karɓa don kada ya kunyata kowa, har tarin ya kai shi kabari.

Goro kuwa duk lokacin yana nan, faranti-faranti, a ƙofar kasuwar da yake dillanci.

Allah ya jiƙansa. Ku da kuka bar sigari, wace dabara ta taimake ku?