Gwangwanin Tsohuwar Liwan

Shekarun baya, shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik, ina Guangzhou ina saro jakunkunan mata daga kasuwar Shiling ina turawa Kano. Waɗanda suka san ni sun san ina da wata ɗabi'a da ba ta dace da mai gemu ba: tara ƙwallayen gilashi, irin 'yan ƙananan nan da yara ke wasa da su a ƙasa. Ba sababbi ba, tsofaffi. Tun ina saurayi wani dattijo mai sayar da tsofaffin kaya a Kasuwar Kurmi ya koya min bambance su. Wanda aka yi da hannu yana da cibiya, wani ɗan gurbi mai kaushi inda aka gutsure shi. Na inji ba shi da cibiya, sai wani siririn layi kamar ɗinki, inda almakashin inji ya yanke narkakken gilashin. Tsofaffin na inji su nake so. Launinsu yana nutsewa har ciki, yana murɗewa kamar hayaƙi, kuma da wuya ka samu biyu iri ɗaya.

A shekarar nan biza ta yi wuya ƙwarai. Fasfo ɗina yana hannun wakili ana neman ƙarin wa'adi, 'yan sanda kuma suna tare baƙi a titi suna tambayar takarda. Sai na rage yawo. Amma wata safiya zaman ɗaki ya ishe ni, na shiga jirgin ƙasa na tafi Liwan, tsohuwar unguwa, inda ake baje tsofaffin kaya a lunguna.

A bakin wani tsohon gida mai benen katako na ga wata tsohuwa zaune a kan kujera 'yar tsugune, ita kaɗai. Gabanta butar shayi da ta tsage, da agogon da ba ya tafiya, da wani gwangwanin biskit da tsatsa ta cinye hoton jikinsa. Na ce mata "ni hao", wato sannu da yarensu, na nuna gwangwanin. Da na buɗe sai da na zauna a kan dugadugaina. Cike yake da ƙwallaye, duk tsofaffin na inji. Wasu ma ba su zagaye sosai ba, irin waɗanda masana'anta ke warewa ta zubar. Na fito da 'yar tocilar da nake duba jabun kuɗi da ita, na kare da hannu na haska. Waɗansu suka yi wani kore shar kamar idon mage a duhu, abin da gilashin zamanin yanzu ba ya yi.

Tsohuwar ba ta yi ciniki ba. Na miƙa mata kuɗi, ta karɓa ta ajiye a cinya ba tare da ta duba ba. Ni kuwa na rungumi gwangwani na tafi ina ganin na fi kowa wayo a garin.

Ɗakinmu yana Xiaobei, a hawa na ƙarshe na wani bene. Ni da abokina ne, ɗan Maraɗi mai harkar tura kaya ta jirgin ruwa. Da ya ga abin da na kawo sai ya yi dariya har yana riƙe ciki.

"Mutumina, mutane na sayen kwantena, kai kana sayen kayan wasan yara?"

Kashegari bayan la'asar, ina zaune a kan darduma, rana tarwai a taga, sai na ji abu ya faɗo a saman silin. Ƙwal. Ya yi tsalle, ƙwal, ƙwal, tsallen yana raguwa, sannan ya gangara a hankali daga kusurwar ƙofa zuwa saman kaina, ya tsaya. Duk wanda ya taɓa yar da ƙwallon gilashi a kan daɓe ya san wannan ƙarar. Na ce yaran maƙwabta ne, na ci gaba da lazimi. Sai can na tuna ba mu da maƙwabta a sama. Babu komai a kanmu sai rufi da tankunan ruwa.

Ban gaya wa abokina ba. Da ya faru a rana ta gaba, yana ɗakin, yana lissafin kayansa a waya. Na ga yatsansa ya tsaya. Muka bi ƙarar da ido tare har ta zo daidai inda gwangwanin yake a kan firji, ta tsaya. Bayan ɗan shiru wani ya sake faɗowa. Wannan ƙararsa daban, ta fi kauri. Sai na uku, siririya. Kamar mutum ne zaune yana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, yana saki, yana saurare.

"A'uzu billahi," in ji abokina. "Tashi mu hau."

Muka samu mai gidan, muka yi ta "laoban, laoban", wato maigida, da nuni har ya ba mu makulli. Muka hau rufin. Siminti ne fetal, da zafi kamar kasko, ko tsakuwa babu. Mai gidan ya buga bututun ruwa da hannu, ya nuna rana, wato zafi ne ke sa ƙarfe motsi. Na karɓi wannan bayani hannu biyu, don ina son gwangwanina. Abokina bai karɓa ba. A ranar ya kwashi bargonsa ya koma wajen wasu 'yan Kumasi a hawa na ƙasa.

Na zauna ni kaɗai da abin har kusan mako. Kullum bayan la'asar. Na kunna karatun Alƙur'ani, bai hana ba. Na nannaɗe gwangwanin a bargo na tura ƙarƙashin gado, sai gangarawar ta canja hanya, ta riƙa tsayawa a saman gadon. Abin da ya fi damuna shi ne na fara jiransa. Ina idar da sallah sai in ga kaina na ɗaga ido sama.

Na kira mahaifiyata a Kano, ina zagaye-zagaye, ina dariyar ƙarfin hali. Ta bar ni na gama.

"Ita matar da ka saya a wajenta, lafiyarta ƙalau?"

Na ce, "Hajiya, tsohuwa ce dai."

"Ta yi maka ciniki?"

Na ce a'a.

"To ɗan nan, wanda bai yi ciniki ba bai sayar ba. Ka mayar musu da kayansu, ka yi addu'a kafin ka fita."

Na fita da rana, ba fasfo, gwangwani a cikin leda, zuciyata rabi tana kan 'yan sanda rabi tana kan abin da nake ɗauke da shi. Da ƙyar na gane lungun. Kujerar tana nan, ba kowa a kai. Na ƙwanƙwasa. Wata mata mai matsakaicin shekaru ta buɗe, ta dube ni za ta ce "mei yo", babu, sai idonta ya sauka kan ledar. Ta dafe ƙirji.

'Yar tsohuwar ce, kuma tana ɗan jin Turanci. A tsaye a bakin ƙofa ta ba ni labari. Mahaifiyarta ta rikice, takan kwashi kayan gida ta baje a waje in ba kowa. Ƙwallayen na mahaifinta ne, mijin tsohuwar. Ya yi rayuwarsa a masana'antar gilashi yana tsaron injin da ke yin su, har hasken wutar ya cinye masa ido. Da ya makance, kullum da yamma sai ya hau bene ya zauna da gwangwanin nan, ya riƙa sakin su a kan katako ɗaya-ɗaya. Daga ƙarar yake faɗin launin kowanne da shekarar da aka yi shi. Ya daɗe da rasuwa. Tun ranar da gwangwanin ya bar gidan, in ji ta, tsohuwar ta ƙi abinci, sai ruwa. Sun yi ta nema a lunguna.

Ban gaya mata abin da nake ji a ɗakina ba.

Ta ce in shigo in miƙa da hannuna. Muka hau matakalar katako, tana gaba ina baya. Tsohuwar tana kwance kusa da taga, ta rame har na kusa kasa gane ta. Na durƙusa na ajiye gwangwanin a gefenta. Ba ta kalle shi ba. Ni ma ba ta kalle ni ba. Bayana take kallo, sama da kafaɗata, daidai tsayin mutum a tsaye. Fuskarta ta saki. Ta yi magana da wata murya mai ƙarfi, irin ta matar da ke faɗa da wanda ta saba da shi, har da nuna yatsa.

'Yarta ta yi fari fat. Ni kuwa wallahi ban juya ba. Na miƙe a hankali, na rakuɓe jikin bango kamar mai ba wani hanya, ban san dalilin da ya sa na yi haka ba.

Sai da muka sauko na tambaye ta me tsohuwar ta ce. Ta ƙi. Ta tura min kuɗina, na ƙi karɓa, muka yi ta ja. A ƙarshe ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Cewa ta yi: mutum da girmanka, ba ka gani, ka bi baƙo har ina? Zauna a kawo abinci."

Muna tsaye muka ji tsohuwar daga sama tana kiran a kawo shinkafa, kwano biyu.

Ƙarar ba ta sake dawowa ɗakinmu ba. Abokina ya dawo da bargonsa, bizata ta fito, na ci gaba da harkata. Na sha ba da labarin nan ga masu ilimin gini, kuma duk sun ce min ƙarfe da bututu suna yin irin wannan ƙara in zafi ya yi yawa. Ban musa musu ba. Mamaci kuma na san ba ya dawowa, haka aka karantar da mu. Ko aljani ne, ko bututu ne, ko tsorona ne, Allah ne masani.

Abin da na sani kawai shi ne na yi tafiyar nan tun daga Xiaobei har Liwan, a cikin jirgi cike maƙil da mutane ana matsatsi, kuma kujerar da ke gefena ba wanda ya zauna a kai har na sauka. A lokacin na ɗauka don ni baƙar fata ne, don hakan yakan faru. Har yau ina fata dalilin ke nan.