Katunan da Na Ƙona da Sigari

Aikina a tashar binciken noma bai wuce kula da wani ƙwallon gilashi ba. A kan ginshiƙi yake a fili, ana sa siririn kati a ƙarƙashinsa. In rana ta fito, haskenta ya ratsa gilashin ya ƙona layi a katin. In hadari ya rufe ta, wurin ya zauna fari. Nawa shi ne in sauya kati kullum, in rubuta kwanan wata, in jefa a akwati. Karatuna na firamare ya ishi wannan.

Amma ina da gonar shinkafa a bakin kanal wajen Bunkure. Lokacin dashe sai in yi kwana uku ban leƙa tashar ba. In na dawo, sai in zauna bayan sito da karan sigari, in ja layi a sababbin katuna. Kuma dogo nake ja, don gajere yana jawo tambaya. A raina cewa nake, wa zai nemi ranar da ta riga ta faɗi?

Bara aka nema. Wata malamar jami'a ta zo gidana a Kura da kwamfutarta. Ta ce shekara huɗu tana shigar da bayanan tsofaffin katunana a cikinta, tana gwada su da na sabuwar na'urar da ta gaje ni. Lissafinta ya nuna hasken rana na damina yana raguwa tun bayan zamanina, a kan haka za ta kare digirinta, da shi kuma za a shawarci manoman da ke sayen famfon sola. Har ƙasa ta durƙusa ta gode mini.

Na bari ta sha ruwa, sannan na gaya mata komai.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Baba, waɗanne ranaku ne? In na san su, sai in cire su kawai.”

Washegari ta kawo akwatin, muka baje katunan a tabarma. Na ɗauki wannan na ajiye, na shinshina wancan. Rubutuna ne a kan kowanne, ƙunar kuma iri ɗaya. Hannuna ya ƙware fiye da yadda na sani.

Da la'asar ta tattara su, na rana da nawa a haɗe. Ta yi mini sallama cikin ladabi. Wannan karon ba ta durƙusa ba.