Akwatin da ke saman gadon Baba

Ni ne mai laifi a wannan labari, gara in faɗa tun farko.

Shekarun baya mahaifina ya yi fama da ciwon zuciya. Ƙanwata, ma'aikaciyar jinya a Kano, ta kawo wani ɗan akwati kamar rediyo ta kafa a bango saman gadonsa a Kademi. Ba ya taɓa jiki, amma yana jin bugun zuciyar wanda ke kwance ya turo mana a waya. Baba ya so shi, don shi mutum ne da ba ya son a riƙa tattaɓa shi.

Ina aiki a sakatariyar Ajingi. Da, duk Juma'a nakan hau babur in je in gaishe shi. Da akwatin ya zo, sai na koma duba waya da safe. In na ga kore, alamar lafiya, in ce alhamdulillahi, in ci gaba da shan kokona. Juma'a ta wuce, wata ta bi ta. Ko kira na daina.

Ranar wata kasuwa abokina ya tare ni ya ce, "Ya ƙafar Baba?"

Na ce, "Zuciya dai." Har na ciro waya ina nuna masa. "Ga shi nan ma yana ƙailula."

Ya dube ni. "Baban da ke Toranke wajen mai ɗori tun cirar gyaɗa?"

Ashe faɗuwa ya yi a gona ya karye, aka kai shi gidan ƙanensa a Toranke. Mahaifiyata ce ta koma ɗakinsa saboda ya fi iska. Zuciyarta nake ta dubawa ina yaba lafiyar Baba. Ƙanwata ta sani, domin ita kullum sai ta kira. Baba ne ya hana a gaya mini, wai ai ina da mai ba ni labari.

Na hau babur sai Toranke. Na same shi a kan tabarma, ƙafa ɗaure da karare. Ya amsa sallamata kamar ta baƙo.

"Akwatin ne ya aiko ka?"

Na durƙusa. Duk uzurin da na shirya a hanya ya tsere mini.

Na ce, "Baba, ba aiki ba ne ya hana ni zuwa. Sauƙi na samu na lafe a ciki. Na yi kuskure, ka yafe mini."