Esinati da Cikin Tsumma

A layinmu na Sakubva, cikin garin Mutare, babu macen da ta kai Esinati iya saƙa, babu kuma wadda ta kai ta rashin iya ƙarya. Ka ba ta kwarashi da farin zare, kafin shayinka ya huce ta fitar maka da furen da za ka rantse ƙudan zuma zai sauka a kai. Amma ka tambaye ta ko ta ci abinci, in ta ce e alhali ba ta ci ba, sai ka ga idonta yana neman wurin ɓuya. Wannan matar ce ta ɗauki ƙarya guda ɗaya ta goya ta shekara ashirin da biyar.

Mijinta Takawira ma'aikacin jirgin ƙasa ne, dogo, marar magana, mai kunnuwa kamar marfin tukunya. Shekara tara suna tare, ciki huɗu ya zube. A wurinmu mace in ta haihu ta rabu da sunanta ke nan, sai dai a ce uwar wane. Esinati kuwa har furfura ta fara leƙo mata ana kiran ta Esinati, kamar 'yar aji uku. Dangin miji in sun zo daga ƙauye, cikinta suke fara gaisarwa da ido kafin su gaishe ta.

A shekarar babban fari, wadda muka ci tuwon rawayar masara har muka manta launin fara, wata ma'aikaciyar asibitin mishan ta ja Takawira gefe. Ta ce an tsinci jaririya a tashar mota, a cikin kwali, babu wanda ya zo nema. Takawira ya je ya gani, ya dawo ya kai matarsa, ita ma ta gani. Daga ranar ƙafarta ba ta ƙara zama a gida ba. Suka yi ta zarya ofishin jin daɗin jama'a, wata da watanni, har takardar izinin riƙon yarinyar ta fito.

Matsalar ita ce mutupo. Kowane ɗa a cikinmu yana gadon kan gidan ubansa: wannan Zaki, wancan Giwa, wani Zuciya, wani Ƙafa. Ba ka cin naman naka, in ka ci haƙoranka su zube. Ba ka auren mai irin naka, don 'yar'uwarka ce ko daga wace uwa duniya ta fito. In aka yi maka alheri kuma, da shi kake godiya, kana tafi. Yaron da ba a san mutuponsa ba, tsoronsa ake ji, wai kakanninsa za su biyo sawu wata rana su tambayi wanda ya ba da izini. Dangin Takawira ba za su taɓa yarda ba. Shi ya sa Esinati ta naɗe tsummoki ta ɗaura a ciki.

Wayyo wannan ciki. Ranar Litinin yana sama, ranar Laraba ya gangara hagu. Wata rana a bakin famfo ta sunkuya ɗaukar bokiti, sai ga hannun tsohuwar rigar Takawira yana leƙe ta ƙasan zani. Mu matan layi muka duba sama gaba ɗaya, muka shiga zancen hadari, a shekarar da ko ɗigo bai sauka ba. Da lokaci ya yi ta tafi ƙauyen iyayenta haihuwar fari, yadda al'ada ta ce. Ta dawo da jaririyar, wai 'yar wata biyu, mai haƙora biyu, tana zaune daram ba a tallafe ta ba.

"Kai, 'ya'yan fari akwai saurin girma," in ji maƙwabciyarta ta jikin katanga. Muka ce ƙwarai kuwa. Muka yi guɗa, muka kai sabulu. A lokacin layin nan gida ɗaya ne, gishirin wannan shi ne na waccan, asirin mutum kuma in an gani sai a ja masa zani a rufe. Daga ranar ba wanda ya ƙara cewa Esinati. Ta zama Amai Fadzai, uwar Fadzai, har tafiyarta ta sake.

Takawira ɗan gidan Soko ne, wato Biri, kan gida mafi sauƙi a duniya, don wa zai ci biri da ma? Ranar da Fadzai ta fara tuƙa sadza, wato tuwon masara, tana 'yar shekara tara, tuwon ya fito da gudaji kamar tsakuwa. Takawira ya cinye tas, ya haɗa tafin hannu ya ce, "Na gode, Soko. Na gode, mai hawan dutse, mai tsalle a reshe." Yarinya ta yi ta washe baki. Haka ya yi ta yi mata kowane cin abinci har ya rasu tana da shekara sha bakwai. Abu ɗaya ya gagare su: Fadzai bahaguwa ce. An buge hannun, an ɗaure shi da zani, ta ƙi.

Ta girma ta zama malamar makaranta, ta haɗu da Garikai, wani mai gyaran lantarki. Yaran yanzu lambar waya suke fara tambaya, mutupo sai soyayya ta kai wuya. Sai da magana ta je gaban manya aka gano Garikai shi ma Biri ne. Wasu gidajen sukan yanka farar saniya a yanke zumuncin, a ɗaura aure. Uban Garikai ya ce ko garke aka kawo masa, ɗansa ba zai auri ƙanwarsa ba.

Fadzai ta daina dariya, ta daina cin abinci, siket ya fara juyawa a ƙugunta. Esinati tana kallo. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta buɗe wa yarinyar hanya, amma kalmar nan ita ce za ta iya raba ta da sunan Amai. In ta yi shiru 'yarta ta rasa miji, in ta yi magana ita ta rasa 'ya. Ta fara ɓata ƙidayar saƙa, ita da ba ta taɓa warware layi ba. Kai ya dame ta da ciwo, ta tafi asibitin unguwa neman ƙwaya.

Ma'aikaciyar jinya ta auna ta, ta yi mata 'yan tambayoyi, ta ce, "Amai, naki ciwon yawan tunani ne. Zagaya baya, akwai benci a ƙarƙashin mangwaro."

A kan bencin akwai Gogo Dadirai, ɗaya daga cikin kakannin da aka koya wa aikin sauraron masu damuwa. Gajeruwa ce, da tabarau ɗaure da zare da wata tsohuwar lema da ba ta rabuwa da ita.

"Ni magani na zo karɓa," in ji Esinati.

"To ai ga shi kin zauna a kansa. Me ke cin ki, 'yar nan?"

"Babu komai."

"Madalla. Ni ma babu komai ne ya kawo ni. Mu zauna mu yi babu komai tare."

Zama biyu suka yi a haka. A na uku Esinati ta buɗe baki, abin mamaki kuma ba da Fadzai ta fara ba. Da huɗun nan da suka zube ta fara, waɗanda ba a yi musu kuka ba, ba a ba su suna ba, aka ce ta tashi ta share gida. Ta yi kukan shekara talatin a zama ɗaya. Gogo Dadirai ba ta ce ta yi haƙuri ba, ba ta ce nufin Allah ne ba. Ta miƙa mata gefen zani kawai.

Da aka zo kan Fadzai, tsohuwar ba ta ce faɗa mata ko kar ki faɗa ba. Ta ce, "Kayan nan sun yi miki yawa a ka. Sauke su mu ɗauki ɗaya. Wanne ya fi nauyi?"

"Kar ta ce ni ba uwarta ba ce."

"Za ta iya faɗa. In ta faɗa, wa ya yi jinyar ƙyandarta?"

"Ni."

"To maganarta za ta koma baya ta warware wannan?"

Da Esinati ta yanke shawara da kanta, Gogo Dadirai ta kafa lemarta a kan benci ta ce a ɗauka wannan ce Fadzai, a gwada. Sati biyu matar nan tana ba lema labarin tashar mota. Masu jiran allura suna leƙe, suna cewa tsufa ya fara taɓa Amai Fadzai.

Ranar wata Asabar da hantsi, ita da Fadzai suna tsinke ganyen kabewa, Esinati ta faɗa mata. Fadzai ba ta yi kuka ba. Ta ajiye ganyen ta ce, "Wa kuma ya sani?"

"Daga ni sai babanki."

Yarinya ta fita ta tsaya a bakin katanga ta tambayi maƙwabciya. Ita kuma, maimakon ta yi mamaki ko na ƙarya ne, sai ta ce, "Au, ta faɗa miki? Barka." Nan Fadzai ta gane duk layin da ya goya ta, ya yi mata kitso, ya aike ta sayen burodi, ya san abin da ita ba ta sani ba game da kanta. Mu muna ganin rufin asiri muka yi. Ita a wurinta wasan kwaikwayo muka yi ta kallo kyauta. Ta haɗa jakarta ta koma gidajen malamai. Saƙon da ta aiko daga baya babu Amai a cikinsa, ko sau ɗaya.

Esinati ta je bakin katangar ita ma. "Ashe kun sani?"

"Haba, Amai Fadzai. Cikin da ke da hannun riga?"

Esinati ta koma benci da kunya biyu. Gogo Dadirai ta hana ta zarya gidajen malamai da kwanon abinci. "Fushinta hakkinta ne, ki bar ta ta ci kayanta. Ki aika mata sau ɗaya a sati cewa ƙofa a buɗe take, ki ƙara da cewa bencin nan yana ɗaukar mutum uku."

Sai a wata na biyu Fadzai ta zo. Ta zauna can ƙarshen katako, har bencin yana neman ɗagawa. Ta zazzage abin da ke cikinta, uwar na son katse ta, tsohuwa na danne mata gwiwa da lema. A ƙarshe ta ce, "Ni yanzu wace ce? Wataƙila ni Zuciya ce, wataƙila Ƙafa. Shekara ashirin da biyar ina cin kan gidanmu ban sani ba."

"Buɗe bakinki," in ji Gogo Dadirai. Ta gyara tabarau ta leƙa. "Ko ɗaya bai girgiza ba. Ko kakanninki masu haƙuri ne, ko sun san wadda suka bar wa amana."

Dariya ta kuɓuce wa Fadzai, ta yi sauri ta haɗiye ta. Amma ta dawo sati na gaba, da na bayansa. Tambayar da ta fi ci mata rai ita ce wace irin mace ce ke ajiye ɗa a kwali. Wannan babu mai amsarta. Sai Esinati ta kwance bakin zaninta ta fito da wata 'yar hula ta koren zare, wadda aka tsinci jaririyar da ita.

"Ban san sunanta ba, ban san garinsu ba. Amma zare ba ya yi mini ƙarya. Yarinya ce, koyo take yi, dubi yadda ta matse nan ta saki nan. Zaren na tsohuwar rigar sanyi ne ta warware. Wurin nan sau uku ta kwance ta sake, don ya zauna daidai a kunne. Wadda ba ta damu ba ba ta kwance saƙa sau uku." Ta juya hular. "Kuma dubi inda layin ya nufa. Da hagu aka saƙa ta."

Fadzai ta daɗe tana kallon hannunta na hagu, wanda aka sha bugewa. Ta karɓi hular ta sa a jaka. Da za su tashi ita ta ɗauko wa Esinati takalminta daga ƙarƙashin benci.

Uban Garikai ya ga takardun riƙon Fadzai, ya yi kwana uku yana tunani. Ya ce tunda ba jini ba ne an yarda, amma tunda Biri ya rene ta, rabin zumunci ne, a yanka farar akuya. Har yau ana yi masa tsiya wai ya sami rangwame.

Ana saura sati biki Fadzai ta dawo gida. Ta shiga madafa ba sallama ta tuƙa sadza, da ganye da miyar gyaɗa, ta ajiye a gaban Esinati. Esinati ta ci, ta wanke hannu, ta haɗa tafinta za ta yi godiya, sai ta tsaya da hannu a sama. Ba ta san da wane suna za ta gode ba.

Fadzai tana kwashe kwanuka, ba ta ko ɗago ba. "Amai, tuwon ne bai yi ba, ko tsufa ya cinye miki godiyar? Yadda Baba yake yi za ki yi."

Esinati ta tafa. "Na gode, Soko. Na gode, mai hawan dutse."

"Kin manta mai tsalle a reshe," in ji Fadzai, ta wuce da kwanukan.

Layin namu yanzu duk katangar bulo ce da ƙofar ƙarfe, maƙwabcinka zai yi wata a kwance ba ka ji ba. Esinati na nan, ido ya yi rauni amma hannu bai manta ba. Da Fadzai ta sami ciki, uwar ta saƙa koriyar hula, ta kwance wurin kunnen sau uku ko da yake tun farko daidai yake. Mu kuwa tsofaffin layi da muka rage, da Fadzai ta zo wucewa muka tare ta a bakin famfo, kowa ta shafa cikin nan ta tabbatar babu hannun riga.