Jarumi Mai Sanƙo da Tabarau

Yayata ta shekara talatin da ɗaya tana yanka tuta. Kar ka kuskura ka ce mata tela, za ka sha harara. Ita yanka kawai take yi, a wani shago mai dogon tebur da kekunan ɗinki takwas, inda ake ɗinka tutar ƙasa ta makarantu da ofisoshi da motocin manya: ja, fari, shuɗi, da tauraro mai tsini biyar a tsakiya. Duk layin shagon Mai Almakashi ake kiranta. Ni Yaya nake ce mata, ita kuma Auta take kirana, duk da furfurar da ta cika mini haɓa. Walda ce sana'ata.

Sabbin ma'aikata sai su zana da alli, su auna, su goge, su sake aunawa. Ita kallo ɗaya take yi wa yadi ta sa almakashi. Da wannan teburin ta raini 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta, kuma da shi take taƙama, taƙamar da wani lokaci har haushi take ba ni. Bakinta ma kaifi gare shi. Na sha yanka a wurinta fiye da yadin.

Bara, tana tsaye tana aiki, almakashin ya suɓuce daga hannunta ya faɗi ƙasa. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Bayan wata huɗu ƙafa ta dawo, baki ma ya miƙe, wanda mu ƙanne muka so a ce ya ɗan ƙara hutawa. Yatsun hannun dama ne suka ƙi. Hannun yana ɗaguwa, yana iya dannawa, amma yatsun ba sa buɗewa su rufe.

Duk da haka ta sa na raka ta shago. Mai shagon na asali ya rasu, ɗansa ne ke riƙe da wurin, ana ce masa Manaja. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ba ta kujerarsa, ya aika aka kawo lemo mai sanyi.

"Inna, ki huta haka," ya ce. "Kin yi mana iya yinki. Ga shi ma mun sayo injin yanka."

"Na ce maka na gaji ne?"

"Ba haka ba ne, Inna. Hannun nan fa..."

Ta miƙe, ta bar masa lemonsa ko buɗewa ba ta yi ba. Na bi bayanta, muka koma gida.

'Ya'yanta ba su bar ta da yunwa ba. Teburinta take so, shi ke nan. Ta gwada yanka da hagu a ɓoye, almakashin ya riƙa taunar yadi kamar akuya. Sai ta koma zaman bakin taga, tana ramewa muna kallo, mun rasa abin yi.

Ana nan sai labari ya iso mata cewa shagon ya samu babban aiki, tutar duk makarantun gari. Washegari da safe ina tsugune ina haɗa ƙofa, na ga inuwar mutum a kaina. Yaya ce, da sandarta, da almakashinta a naɗe cikin ƙyalle.

"Auta, kashe wutar nan ka saurare ni. Shekara talatin kowa yana zaton hannun dama ke yanka, har ni kaina. Ashe dama buɗewa da rufewa kawai yake yi. Hagu ke juya yadi, shi ne mai idon. Kuma haguna lafiyarsa ƙalau."

Abin da take so shi ne in damƙe kunnen almakashi ɗaya a bakin tebur da noti, in sa waya mai tsalle da za ta riƙa buɗe shi da kansa, in liƙa ɗan faffaɗan ƙarfe a ɗaya kunnen yadda za ta danna da tafin hannu. Sau uku na haɗa. Na farko ta ce ya yi tauri, na biyu ta ce ko makaho ba zai karɓa ba. Na uku ta danna, ta sake dannawa, ta ce, "Ba laifi." A bakin Yaya wannan lambar yabo ce.

Na ce to mu ɗauka mu je mu nuna wa Manaja.

"In je in roƙi yaron da na share wa majina? Allah ya kiyaye. Gaisuwa zan aika masa. Ai ya samu aiki, ya kamata a yi masa barka."

Shi Manaja, da shekarunsa arba'in da 'ya'yansa uku, har yau bai rabu da jaruman nan na fim masu tashi sama da mayafi ɗaure a wuya ba. 'Yan gumakansu na roba jere suke a kan teburin ofishinsa. Don haka Yaya ta ce katin gaisuwa za ta yi masa, da irin jarumin nasa a kai, kuma duk da ƙyallen tuta.

Ta samo farin kwalin da ake sawa cikin sabuwar riga, ta ninka shi biyu. Ta zazzage buhun ƙyallayen da ta tara shekara da shekaru. Gam, hantsaki, da hasken taga, su ne sauran kayan aikin. Kullum da hantsi nakan leƙa in same ta sunkuye, dama yana dannawa, hagu yana juya ƙyallen a hankali. Rigar jarumin shuɗiya, takalmansa ja. Mayafin kuwa tuta ce sukutum tana kaɗawa a iska, lanƙwasa uku, kowace lanƙwasa yankanta daban, kuma dole ja ya haɗu da ja, fari ya haɗu da fari, ba tare da ko zare ɗaya ya goce ba.

Tauraron ƙirji ne ya ba ta wuya. Girmansa bai wuce farcen ƙaramin yatsa ba. Goma sha ɗaya ta ɓata. A na sha ɗayan na same ta ta kifa kai a kan tebur tana kuka, abin da rabona da gani tun ranar da muka rasa mahaifiyarmu. Tausayinta ya kama ni har na ce ta bari haka, ai an ga ƙoƙari. Ta ɗago ta ce in fita mata daga ɗaki. Da na dawo da la'asar, na sha biyu yana manne a ƙirjin jarumin, tsininsa biyar cif, kowanne daidai da ɗan'uwansa.

Sai a rana ta tara na ga fuskar. Ta yi wa jarumin sanƙo, ta yi masa tabarau da baƙin zare, ga tumbi ya turo riga gaba yana tashi sama da shi. Manaja ne sak. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. A ciki ta rubuta da hagu, rubutun a karkace: "Barka da samun babban aiki. Ni na yanka."

Ni na kai. Manaja ya buɗe ambulan a tsakiyar shago, teloli suka bar kekuna suka yanyame shi. Wata ta hango tumbin ta fashe da dariya, sauran suka ɗauka, shi ma ya yi har yana share ido. Can sai ya jawo rula daga aljihun tebur, ya auna ja, ya auna fari, ya auna shuɗi. Ya kai katin bakin ƙofa wurin haske, ya daɗe yana duban tauraron.

"Kawu, tsakani da Allah, wa ya yanka mata?"

Raina ya ɓaci. Na miƙa masa hannuwana duk tabon wuta, na ce, "Dubi nan. Waɗannan ne za su yanka maka tauraro?"

Tsohuwar cikin telolin ta ce, "Manaja, faɗa masa gaskiya mana. Injin naka miƙaƙƙen layi kawai ya iya. Tauraro dubu huɗu muke nema, sati biyu muna ɓarnar farin yadi."

Nan take Manaja ya ɗauki makullin mota.

A gida ya durƙusa ya gaishe ta. "Inna, na ga saƙo."

"Gaisuwa ce kawai."

"Amma tumbin ya yi yawa."

"Abin da na gani na yanka."

Ya nemi ya ga yadda take yi. Ta jawo farin ƙyalle, ta danna, ta juya, ta danna, kafin ya gyara tabarau ta ajiye masa tauraro a tafin hannu. Ya ce don Allah ta dawo, shi ne ya yi kuskure. Ta ce ba ta ji ba. Ya maimaita da ƙarfi. Ta ce sai ta yi shawara, alhali ina kallonta tana laluben takalminta da ƙafa a ƙarƙashin kujera.

Ran Litinin na je da sifana na ɗaure ƙarfen a bakin dogon teburin, daidai inda tsayuwarta ta shekara talatin ta cinye siminti. Da ta shigo, kekuna takwas suka tsaya, aka yi ta tafi. Ita ko kallonsu ba ta yi ba. Ta jingina sandarta, ta shimfiɗa farin yadi, ta ɗora tafin dama a kan ƙarfen. Na tsaya a gefe ina jiran ko noti zai kwance, ko za ta buƙaci wani abu. Tauraro na farko ya faɗo kan tebur, na biyu ya biyo shi.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Auta, kana tare mini haske. Je ka, ina da aiki."

Na fito titi da sifana a hannu, ƙato da ni, ina dariya hawaye na zuba, masu wucewa suna kauce mini.